Tuluna Goma Sha Biyu a Ƙarƙashin Maishiru

Da sunan Wanda ya shimfiɗa rairayi bai gaya wa kowa adadinsa ba, ya ɓoye ruwa a inda ya ga dama, ya ba wani sani ya bar wani da zato. Ku matso, ku bar surutu, mai tari ya yi tarinsa yanzu. Ni ne Korau ɗan Nomau, mutumin Kwarin Maje, mahaƙin rijiya ɗan mahaƙin rijiya. Na ga Tafkin Gishiri inda tsuntsu ke sauka ƙafarsa ta daskare, na kwana a garin da ake noma a kan rufin ɗaki, amma ba su zan ba ku yau ba. Labarin Hamadar Zugur zan ba ku, da abin da hannun nan nawa ya aikata a can, kuma ba don ku yaba mini ba.

A shekarar da rijiyoyin garinmu suka juye suka zama zartsi, ni da yayana Jatau mun haƙa sababbi goma sha ɗaya. Kowace muka kai ruwa muka ɗanɗana sai mu tofar. Yara suka fara kumburin ciki, awaki su sansana ruwan su juya. Sai wani bafatake ya ba mu labarin wasu mutane a bayan Tafkin Gishiri, ana ce musu Zugurawa, masu gina wani irin tulu da ke mai da zartsi ruwan daɗi. Jatau ya ce mu je mu koyo. Shi mutum ne mai sanyi, sai ya juya magana sau uku a baki kafin ya sake ta, ni kuwa tun ina yaro wutar kara ake ce mini. Shekara takwas ya ba ni, kuma shi ya fara zura ni rami da igiya a ƙugu.

Wata biyar muna tafe kafin mu isa Kalmas, birni na ƙarshe a bakin hamada. Garin maginan tulun yana can tsakiyar rairayi, kuma ba a zuwa sai da ayari. A nan na ga al'adar da ban taɓa jin irinta ba. Ruwan Kalmas zartsi ne da ya fi namu muni, wanda ya sha moɗa guda zai kwana yana murƙususu, wanda ya sha biyu sai a nemo masa likkafani. Raƙuma ne kaɗai ke shansa su kwana lafiya. Amma in aka zuba shi a tulun Zugurawa, aka toshe baki, aka binne shi a rairayi kwana bakwai cur, sai ya fito garau kamar ruwan sama. Saboda haka babu ayarin da ke shan ruwan da ya ɗauko. Kowane kwana bakwai ayari guda ke tashi, mutum arba'in ba ƙari. Duk bayan tafiyar kwana uku akwai zangon ruwa, a nan za su tarar da tuluna goma sha biyu da ayarin gabansu ya binne, su juye a salkunansu, su kuma binne nasu goma sha biyun don waɗanda ke biye da su.

Ana gobe za mu tashi zazzaɓi ya kayar da Jatau. Na ce ba inda za ni sai ya miƙe. Ya ce duk makon da muka ɓata a nan, a gida yaro ake binnewa, in tafi in fara koyo, shi zai biyo ayarin baya. Da na ci gaba da gardama sai ya kama hannuna, tafinsa kamar garwashi, ya ce, "Je ka, ƙane. Ka dai binne da kyau, ni zan sha."

Madugun ayarinmu mace ce, Inna Tarma, wata 'yar guntuwar tsohuwa mai ido ɗaya fari, da sanda da ta fi ta tsawo. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ɗan rijiya take ce mini. Tun ranar farko na gane Zugurawa ba sa koyarwa da baki. In ka yi tambaya sai su dube ka kamar ka yi tusa a masallaci. A wurinsu ido ne ke koyo, baki kuwa ci ne aikinsa, ni kuma ga ni da baki kamar na maroƙi.

Tuddan rairayin Zugur, jama'a, in ka ɗora rimi biyar kan juna ba su kai ƙololuwar wasu ba. Kowane tudu yana da gadon baya mai tsawo, a kwance, yana shan rana da iska, yana kuma da fuska a tsaye mai inuwa da sanyi. Da safe mukan hau ta baya, masu raƙuma su zagaya da su, mu kuwa in mun kai ƙololuwa kowa ya shimfiɗa ƙirginsa, busasshiyar fatar sa, ya zauna a kai ya riƙe gefe ya saki jiki. Ranar farko da na gwada, ban san inda ƙirgin ya bi ba, ni dai na iso ƙasa da kai, baki cike da yashi, wando a wuya. Ran nan na fara jin dariyar Zugurawa, har Inna Tarma sai da ta dafa sanda. Kwana huɗu bayan haka ba mai riga ni isa ƙasa, kuma wannan ya ƙara mini girman kan da ban rasa ba dama.

In rana ta yi sanyi mukan yada zango a wutsiyar tudu, can ƙarshen gadon baya, a fili, inda iska ke dukan mutum. Ga inuwa can a fuska, lafiyayya, amma ba mai zuwa ko da fitsari ne. Na yi ta gunaguni ba wanda ya kula ni. Sukan hura wuta da kashin raƙumi, su binne ƙullun gurasa a ƙarƙashin toka, kowa ya tone ɗan kwarin da zai kwanta ya barbaɗa toka mai ɗumi, don sanyin wurin yana shiga ƙashi. Daga la'asar kuwa sai wani gurnani ya tashi daga cikin tuddan, kamar ana buga tambari a ƙarƙashin ƙasa, har ka ji shi a haƙoranka. Na yi ta karanta duk abin da na haddace, na ɗauka aljanu ne. Da na tambayi Inna sai ta ce kawai, suna aikinsu.

A zangon ruwa na farko muka tarar da tulunan tsaye a wutsiyar tudu, rabinsu a waje, rana na dukansu. Na ce a raina, wannan wane irin sakaci ne? Da gari ya waye ayari ya tashi, Inna ta tsaida ni in riƙe mata raƙumin tulu. Binnewa ba a yinta a gaban jama'a, don kada ƙishirwa ta haukata wani ya komo ya tone. Mai binnewa ne kaɗai, sai wanda ake so ya koya. Na ga ta hau gadon baya tana ƙirga taki, ta tsaya a na talatin da biyar, ta yi ɗan tono da ƙwarya wanda bai wuce kamu biyu ba, muka jera tulunan, ta tura yashi da ƙafa. Ko alama ba ta kafa ba. Haka ta sake yi a zango na biyu. Ni da na gaji haƙa tun kakanni, abin ya tsaya mini a wuya, na ce waɗannan mutane sun iya tulu amma ba su iya rami ba.

Zango na uku a gindin wani tudu yake da suke kira Maishiru. Da safe Inna ta miƙo mini akalar raƙumi ta ce na gani sau biyu, yau ni kaɗai zan binne, in biyo sawunsu. Daga baya na ji wannan ita ce babbar karramawar da suke yi wa baƙo.

Suka tafi suka bar ni. Na tsaya ina duban gadon bayan nan mai zafi, na tuna Jatau da zai iso nan bayan ya tashi daga ciwo, leɓe a bushe. Na ce wallahi yayana ba zai sha ruwan da rana ta dafa ba, kuma ba zan bar tulunsa a inda kura za ta fasa ba. Na ja raƙumin na zagaya fuskar Maishiru. Taki uku daga gindinta na sami ƙasa mai ƙarfi, mai sanyi, irin wadda mahaƙi ke gani ransa ya yi fari. Na sa dagi na yi rami mai zurfin gaba guda cif, bango a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Na jera tuluna goma sha biyu, na cika da rairayi mai laushi, na kafa dagina a kai na ɗaura masa jan ƙyalle don a hango daga nesa. Na kuma saita wurin da wasu baƙaƙen duwatsu biyu da ke tsaye a fili, ɗaya kudu ɗaya arewa, don mahaƙi ba ya barin rami bai san saitinsa ba. Na tafi ina waƙa.

Kwana biyu na riƙe abin a ciki, ina jiran a tambaye ni, ba wanda ya tambaya. Ran na biyu da magariba, ana raba gurasa, bakina ya kasa haƙuri. Na ce musu daga yau sai su koyi binne ruwa a wurina, na zayyana musu yadda na yi, da inuwar, da zurfin, da jan ƙyallen. Ina cikin magana na lura ba mai tauna. Wata mata ta ajiye gurasarta ta rufe fuska da mayafi.

Inna Tarma ta ce, "A fuska ka binne?"

Na ce a fuska, taki uku daga gindi.

Ta daɗe tana dubana da idon nan guda. Sannan ta yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta. "Ɗan rijiya, tuddan nan tafiya suke yi. Gurnanin da kake ji, tafiyar ke nan, taki biyar kowace rana, ta wajen fuska. Muna binnewa a baya don tudu ya rufe mana ruwa kwana bakwai, ya wuce ya bar shi a fili ranar da masu sha za su iso. Kai ka sa shi a bakinsa. Maishiru taki ɗari biyu ne, sai ya kwana arba'in kafin ya sauka daga kan tulunanka."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mutum arba'in za su iso nan da kwana biyar da salkuna a bushe, ga tuluna a bayan raƙumansu da ba su shayuwa, gaba kwana uku, baya kwana uku, kuma a cikinsu akwai Jatau. Na fara zage-zage, na ce don me ba wanda ya buɗe baki ya gaya mini, mutane sai ka ce gumaka. Da na gaji na zauna na yi kuka kamar yaro, don na san sau biyu aka nuna mini, kuma sau biyun na raina.

Inna ta tambaye ni ko mahaƙi na iya haƙa rairayi mai gudu. Na ce in da abin ɗaure bango, ana iya gwadawa. Ba ta roƙi kowa ba, amma mutum goma suka tashi suka ajiye ƙiragansu a gabana, alhali sun san daga nan sai dai su riƙa zagaya kowane tudu da ƙafa. Aka haɗa mana da sandunan tanti, da igiya guda doguwa, da taguwa, wato raƙuma, mai ƙarfi, da salka biyu. Ta danƙa ayarin a hannun ƙanenta. Na ce ta zauna, tsohuwa ce, laifina ne. Ta ce ita ta bar baƙo shi kaɗai da ran mutum arba'in, kowa ya ɗauki nasa kason.

Muka juya tun kafin asuba. Don mu rage hanya ta bi da mu ta wani kwari da ayari ba ya bi, inda rairayin yake fari fat kamar garin dawa. Haɗiyau suke ce masa, ko tsinke ka jefa sai ya nutse. Ta ɗaure wa taguwar ido da mayafinta, muka riƙa shimfiɗa ƙiragan nan ɗaya gaban ɗaya, mu taka, in ɗauko na baya in kai gaba. Haka muka yi tun hantsi har azahar. Saura ƙiris mu fita, garaje ya sa na taka gefe, kafin in ce wayyo na nutse har ƙugu, ina jin ana ja na ƙasa a hankali. Na fara wutsil-wutsil, Inna ta buga mini sanda a ka ta ce in kwanta rigingine kamar gawa. Na kwanta. Ta jefo igiya, taguwa ta ja, na fito ba takalmi, kuma ba mu sake zancen ba.

Ran kwana na huɗu da binnewa muka iso Maishiru. Ba rami, ba dagi, ba jan ƙyalle. Inda na tsaya ina waƙa, yanzu tudu ne zaune a kai. Na hau na yi ta kai da komo har duwatsun nan biyu suka daidaita, ɗaya a damana ɗaya a haguna, na ce wa Inna a nan suke, ƙarƙashin ƙafata, kamar gaba biyar.

Rairayi ba ya tsayuwa a yi masa bango, ka ɗebi ƙwarya ɗaya biyu su zubo. Sai na naɗe ƙirgi kamar ganga marar fata, na ɗinke da tsirkiya, na tokare cikinsa da guntayen sanduna. Na kafa shi na shiga ciki ina kwasa daga ƙarƙashi, yana nutsewa da ni. In bakinsa ya kusa daidai da ƙasa sai mu ɗora wani a kai mu ɗinke. Inna tana sama, ta rataya igiyar a sanduna uku, in cika salkar da muka yanke baki, ta kora taguwa ta janye ta zubar. Ubana bai taɓa yin irin wannan rijiya ba, ni ma tsoro ne ya koya mini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne la'asar. Da gurnanin ya tashi sai Inna ta fitar da ni dole, mu koma wutsiya mu kwana, mu bar ramin a rufe da mayafi. Da safe mu tarar tudu ya ƙara hawa kansa, ya kuma tura shi ya ɗan karkace. Kwana biyu muka yi a haka. Farcena duk suka fita, muna shan ruwa da murfin salka. Da yamma Inna takan gasa gurasa guda ta raba biyu ta ba ni babban, in na ƙi ta ce ba don ni ba ne, don ramin ne.

Ran kwana na bakwai da hantsi hannuna ya taɓa jan ƙyallen. Ƙirgi na goma ke nan, ba saura. Na tone bakin tulu na farko na ɗaura igiya, taguwa ta ja, na ga gindinsa yana tafiya sama yana toshe mini haske. Na ƙirga tara. Ina ɗaura wa na goma sai na ji ƙara a sama da ni, ƙirgi na huɗu daga ƙasa ya lotsa, sandar tokare ta karye ta sauko mini a dantse. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Da haƙori da hannun hagu na kwance igiyar na ɗaura a ƙirjina, aka ja ni ta wannan matsatsin wuri, ya kwashe mini fatar kafaɗa.

Inna tana ɗaure mini hannu muka ji kuka daga wutsiyar tudu. Ayarin baya ne ya iso ya ga fili wayam. Ta miƙe a kan tudun tana kaɗa sanda har suka hango ta suka hauro. Madugunsu, wani dogo mai suna Barmo, ya saurari abin da ya faru bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya ce tazarar da ke gaba ita ce mafi zafi a duk hanyar, da tulu tara ba za su kai ba sai sun bar mutum takwas ko goma a rairayi, kuma tsofaffi da masu jinya ne ke fara faɗuwa. Ya dubi mutanensa ko akwai mai shiga. Ba wanda ya motsa, kuma ban ga laifinsu ba, Bazuguri ba ya shiga rami sai in ɗauke shi aka yi aka sa. Ko da sun yarda ma, ba mai kafaɗar da za ta wuce inda ya lotsa.

Sai ga Jatau ya ratso mutane yana dogara sanda. Wallahi da ƙyar na gane shi, ciwo ya cinye shi ya bar ƙashi da ido. Na faɗi a gabansa ina son in yi bayani, ya dafa kaina ya ce ya ji. Ya durƙusa a bakin ramin ya daɗe yana leƙawa, ya shafa ɗinkin ƙirgin, ya tambaye ni wa ya koya mini wannan ɗauri. Na ce ba kowa. Ya ce to na fi shi, amma ramin ya karkace. Sannan ya fara tuɓe riga.

Na riƙe ƙafarsa. Na ce a ɗaure mini hannun a jiki in koma, ni na ɓata ni zan gyara. Ya ce da wane hannun zan ɗaura igiya, kuma ta ina wannan ƙirjin nawa zai wuce. Na ce to a bari sai gobe da safe, ga rana ta karkata. Barmo ya ce ramin ba zai kai gobe ba, kuma ni ma na san haka.

"Sake ni, Korau," in ji Jatau. "Cikin goman da za a bari a hanya har da ni. Gara in shiga da ƙafata. Kai dai tsaya a baki ka riƙa gaya mini abin da kake gani."

Muka zura shi. Ya wuce matsatsin kamar zare a allura. Can na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa a ja, tulu na goma ya fito, mutane suka karɓe. Na goma sha ɗaya ya daɗe, don rairayi ya riƙe shi, amma ya fito. Muka mayar da igiya. A daidai nan iska ta juya, na ji tambarin nan ya fara a ƙarƙashin gwiwoyina, yashi ya soma zuba ta ɗinkin ƙiragan siri-siri.

Na kwanta a bakin ramin na ƙwala masa kira. "Yaya, bar na ƙarshen! Ɗaura a ƙugunka, tudu ya tashi!"

Na sake kira, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da nonon uwarmu. Sai na ji ya ce, a hankali kamar yadda yake magana kullum, "To, na ji. Ku ja."

Inna ta zabga wa taguwa sanda, maza shida suka kama igiyar suna taya ta. Na zura hannuna mai lafiya cikin ramin don in cafko nasa. Abin da hannuna ya taɓa sanyi ne da santsi. Tulu na goma sha biyu ne ya fito, an ɗaure shi da ƙullin nan biyu da Jatau ke yi. Kafin a kwance igiyar a mayar, ramin ya yi wata ajiyar zuciya, ƙiragan suka haɗe, wurin ya shafe kamar ba a taɓa tona shi ba.

Na yi ta tono da hannu ɗaya, Zugurawan nan da ba sa son rami suka zube suna tono tare da ni, mata da maza. Duk abin da muka kwashe sai tudu ya mayar da ninkinsa. Da rana ta faɗi Barmo ya sa aka ɗauke ni cak aka sauko da ni wutsiya, ina zaginsa, ina cizon wanda ya riƙe ni.

Aka raba ruwa a zangon nan. Na juya wa wutar baya. Inna Tarma ta zo ta tsuguna a gabana da moɗa, ta ce daga na goma sha biyun ne. Na ce ta kai wa wani, ni na gama shan ruwa a duniya.

Ta ce, "Sha, Korau. Kai ya aiko wa."

Ran nan ta fara kiran sunana. Na karɓa na sha. Ruwan yana da sanyi, yana da daɗi, ban taɓa shan mai daɗinsa ba, kuma ina sha ina jin kunyar daɗin da nake ji.

Da safe ayarin Barmo ya binne nasa tulunan a gadon baya ya wuce, kuma na ji daga baya dukansu sun isa. Ni ban bi su ba, Inna ma ta ƙi tafiya. Muka kafa tanti a wutsiyar Maishiru, kowace safiya mu matsar da shi taki biyar. Duk ayarin da ya zo, ba tare da mun roƙa ba, kowa sai ya rage kurɓi daga rabonsa a zuba mana. Kwana talatin da uku muna bin tudun nan a baya yana tafiyarsa. Hannuna ya ɗore a karkace, ga shi nan kuna gani.

Ran na talatin da huɗu da asuba na ga bakin ƙirgi ya ɓullo. Ban bar kowa ya taya ni ba. Na sami Jatau a zaune, ya jingina da bangon ramin da na yanka, hannuwansa a kan gwiwa, rairayi bai ɓata masa fuska ba. Ayarin da ya kwana tare da mu ya fasa tashi. Mutum arba'in da ba su taɓa ganinsa da rai ba suka yi sahu a bayana, ni da ban taɓa jan salla ba na ja ta.

Na isa garin maginan tulu, na koyi abin da muka fito nema, yau shekara talatin yaran Kwarin Maje suna shan ruwan daɗi, har waƙa ake sa sunana a ciki. Ni dai na gaya muku yadda aka yi. In kun tashi, wanda zai yi addu'a ya yi wa Jatau ɗan Nomau, Allah Shi ne masanin sauran.